Disk Cleanup, Storage Sense ko manhajar waje: wanne za ka ba wa sharar kwamfutarka?

Yawancin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu a Legas na hannu ne, irin waɗanda ake ɗaukowa a Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba, kuma da yawa daga cikinsu da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli marar juyawa, mai 128GB ko 256GB suke zuwa. Mai 128GB in ka kunna ta 119GB za ka gani, mai 256GB kuma 238GB, saboda lissafin masana'anta daban ne da na Windows. Daga nan Windows ɗin kanta ta ɗebi fiye da 20GB, takan kuma keɓe wajen 7GB domin sabuntawa, sannan Office da Chrome da CorelDRAW su shigo su ɗauki nasu. Ba a daɗewa sai layin da ke ƙarƙashin C, ma'ajiyar da Windows ke zaune a kai, a File Explorer ya tashi daga shuɗi ya koma ja. Jan nan alama ce cewa abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. In aka ƙyale shi har ya cika maƙil, sabuntawa za ta riƙa ƙin sauka, Word ya ƙi ajiye takarda, firinta ta tsaya ana tsakiyar aikin kwastoma.

Hanyoyin da ke gaban mai kwamfuta huɗu ne. Akwai Disk Cleanup, tsohon kayan aikin da ke cikin Windows tun 1998. Akwai Storage Sense da shafin Temporary files da ke cikin Settings, waɗanda suka zo a zamanin Windows 10. Akwai sharar hannu, wato mutum ya shiga folda da kansa ko ya rubuta umarni. Sai manhajojin waje irin su CCleaner. Ra'ayinmu shi ne biyun farko sun ishi kusan kowa, kuma ba kishiyoyin juna ba ne, aikinsu ne ya bambanta. Storage Sense shi ne yaron shagon da ke kaɗe ƙura kowace safiya, Disk Cleanup kuwa sharar Alhamis ce ta kasuwannin Legas, wadda ake ɗaga kaya a kwashe har abin da ke ƙarƙashi. Manhajar waje ba mu ba da shawararta sai da dalili, kuma za mu zo kan dalilin.

Inda Disk Cleanup yake, da maɓallin da ake mantawa

Hanya mafi sauƙi ita ce ka danna Start ka rubuta Disk Cleanup. In binciken Start ya ƙi aiki, abin da yakan faru a kwamfutar da ta cika, riƙe madannin Windows ka danna R, ka rubuta cleanmgr, ka danna Enter. A Windows 7 da 10 akwai hanya ta uku: buɗe This PC (a Windows 7 sunansa Computer), danna C da ɓangaren dama na linzami, shiga Properties, maɓallin yana nan kusa da zanen da ke nuna cikar ma'ajiyar. A sababbin Windows 11 an cire wannan maɓallin an sa wani da ke kai ka Settings, shi ya sa wasu ke zaton an kashe Disk Cleanup. Yana nan daram. Tun 2018 Microsoft ta ce ta daina bunƙasa shi, ta fi son a koma Storage Sense, amma ba ta cire shi ba, kuma cleanmgr na buɗe shi.

In kwamfutar na da C da D, zai tambaye ka wanne. Zaɓi C. Zai yi ɗan lissafi ya kawo jeri, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya, domin sau tari abin da ya nuna bai wuce 'yan megabait ɗari-ɗari ba. Wannan jerin na farko tarkacen asusunka ne kawai. Babban kayan yana bayan maɓallin da ke ƙasa ta hagu, wanda aka rubuta wa Clean up system files. Danna shi, zai sake lissafi, wannan karon ya fi daɗewa, ya dawo da jeri mai tsawo. Maɓallin yana buƙatar izinin mai iko da kwamfutar. In ta ofis ce kuma ta nemi fasuwod da ba ka da shi, aikin na masu kula da kwamfutocin ofishin ne, a bar musu.

Abin da ke cikin jerin ba duk ɗaya ba ne, kuma sa alama a kan komai ba tare da karantawa ba shi ne tushen yawancin nadamar da ake yi.

Windows Update Cleanup shi ne yawanci mafi nauyi a kwamfutar da ta daɗe ba a share ba. Duk sabuntawar da ta sauka, Windows na ajiye tsofaffin sassan da aka maye gurbinsu a wata folda mai suna WinSxS, ko da za a so komawa baya. Share su ba ya cutarwa in kwamfutar na aiki lafiya tun sabuntawar ƙarshe. Sai dai a san abu biyu. Na farko, adadin da aka nuna ba lallai ne shi za ka samu cif ba, domin wasu fayilolin matse su ake yi, ba gogewa ba. Na biyu, yana da jinkiri ƙwarai. A kan SSD yakan ɗauki mintuna da dama, a kan tsohon faifai mai juyawa yana iya haura awa guda, koren layin ya tsaya cak kamar ya maƙale, fanka na ihu. Bai maƙale ba. In ka buɗe Task Manager za ka ga wani aiki mai suna Windows Modules Installer Worker yana cin furosesa, shi ke aikin. Wani lokacin ma sai an sake kunna kwamfutar yake ƙarasawa, allon ya nuna cewa kada a kashe.

Nan ne maganar wuta ta shigo. Ko layin Ikeja Electric kake ko na Eko, kada ka fara wannan sharar a kan kwamfutar tebur da ba ta da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, alhali ba ka da tabbacin wutar, haka laftof ɗin da batirinta ya mutu, wadda ke mutuwa da zarar an zare caja. Katsewar wuta lokacin da Windows ke taɓa sassan jikinta na iya barin su rabi da rabi, daga nan sabuntawa ta riƙa faɗuwa, ko kwamfutar ta yi ta zagaye a allon gyara. Jira sai an tada janareta ko inbata ta cika. Sauran abubuwan jerin ba su da wannan haɗarin, don haka in kana sauri, cire alamar wannan ɗaya ka share sauran.

Previous Windows installation(s) shi ne foldar Windows.old, wadda ke bayyana bayan an hau daga Windows 10 zuwa 11 ko bayan babbar sabuntawar shekara. Takan kai 10GB zuwa 20GB, wani lokacin fiye. Ita ce tikitin komawarka tsohuwar Windows, kuma kwana 10 kawai take yi kafin Windows ta goge ta da kanta. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa na hawa 11, don haka wannan foldar ta yawaita. Kafin ka taɓa ta, gwada firinta, sikana, na'urar ɗaukar hoton yatsa in kana aikin rajista, da duk wata tsohuwar manhajar lissafi da shagonka ya dogara da ita. In duk suna aiki, share. In akwai mai gardama, bar ta, domin da zarar ta tafi babu komawa sai dai a yi fomatin. Sannan in wani ne ya sa maka sabuwar Windows a kan tsohuwa ba tare da fomatin ba, leƙa cikin Windows.old, ka buɗe Users, domin tsofaffin takardunka da hotunanka na iya kasancewa can ne kaɗai. Kada ka goge foldar da madannin Delete, za ta yi ta neman izini ta bar rabi. Ta Disk Cleanup ko Settings ake cire ta.

Delivery Optimization Files kwafin sabuntawa ne da kwamfutar ta ajiye don ta raba wa 'yan'uwanta da ke kan intanet ɗaya. Mai laftof guda ya share abinsa. Amma mai kafe ko bizines santa a Agege da ke da kwamfuta shida a kan rauta ɗaya, gara ya bar su, domin su ne ke hana kowace kwamfuta sauke abu guda daga farko da datarsa.

Recycle Bin kwandon shara ne, kuma mun san akwai masu mayar da shi ma'ajiya. Buɗe shi ka duba kafin ka sa alama. A kan SSD, abin da aka goge daga kwandon da wuya ya dawo ko da manhajar ceto, saboda SSD na share gurbin da kansa ba da daɗewa ba. Temporary files kuwa babu fargaba, Disk Cleanup na ɗaukar waɗanda aka daɗe ba a taɓa ba ne, ya bar waɗanda ake amfani da su. Thumbnails ƙananan hotunan da ke nuna maka abin da ke cikin fayil ne. In ka share, Windows za ta sake ƙera su, kuma mai ɗaukar hoto da ke da dubban hotunan biki zai ga foldarsa na buɗewa a hankali na ɗan lokaci, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba. System error memory dump files na taruwa ne in kwamfuta na yin shuɗin allo, kuma fayil ɗin na iya kai gigabait. In matsalar ta wuce, share. In har yanzu tana yi, bar wa mai gyara, da shi zai gane direban da ke jawo ta, wato ƙaramar manhajar da ke sa wani sashen kwamfuta aiki. Device driver packages tsofaffin direbobi ne, share su na hana ka komawa tsohon direba in sabon ya ƙi. In kuma ka ga Windows ESD installation files, ƙyale shi, ana buƙatarsa wajen mayar da Windows sabuwa.

Mai Windows 10 da ta tsaya a kan 1809 zuwa 1909, ya buɗe ido: a waɗannan an sa Downloads cikin jerin Disk Cleanup, kuma wanda ya saba sa alama daga sama har ƙasa zai kwashe duk abin da ya taɓa saukewa. An cire shi daga jerin a sabuntawar 2004 ta shekarar 2020. Kwamfutocin da ba sa hawa intanet sosai har yanzu akwai masu irin wannan.

Bayan ka danna Clean up system files, wani shafi na biyu na fitowa a sama mai suna More Options. A ƙasansa akwai maɓallin da ke goge duk wuraren komawa na System Restore, wato yanayin Windows na baya da aka adana don a koma masa in matsala ta taso, ya bar na ƙarshe kaɗai. Yakan fito da gigabait masu yawa, amma kada ka taɓa shi a makon da kwamfutar ke wasu 'yan halaye, domin wataƙila wurin komawa na makon jiya ne zai cece ka.

Ga mai kula da kwamfutoci da yawa, Disk Cleanup na da abin da Settings ba ta da shi. Buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, da izinin mai iko ka rubuta:

cleanmgr /sageset:1

Zaɓi abubuwan da kake so a riƙa sharewa, ka danna OK. Ba zai goge komai ba, haddacewa kawai zai yi. Daga ranar, duk sanda ka rubuta cleanmgr /sagerun:1 zai share su ba tambaya, kuma a kan duk ma'ajiyar da ke jone, har da ta waje. Saboda haka kada ka sa Recycle Bin cikin zaɓin in kwastomomi na jona nasu faifan.

Storage Sense da saitin da ke cin mutane

Riƙe madannin Windows ka danna I, shiga System, sannan Storage. Abu biyu ne a nan, kuma ana yawan haɗa su. Na ɗaya shi ne Temporary files, wanda kusan jerin Disk Cleanup ne da sabuwar riga, har da kayan Windows Update da Windows.old, ba sai ka nemi maɓalli na biyu ba. Ya fi daɗin karantawa, bayanin kowane abu na ƙarƙashinsa. Tarkonsa ɗaya ne: Downloads na cikin jerin. Ba a sa masa alama ba, amma girmansa na cikin jimlar da ake nunawa a shafin farko, sai mutum ya ga an rubuta 30GB na wucin gadi, ya shiga ya ga 25GB a Downloads ne, ya sa alama da murna. Takardar shaidar biyan kuɗin makaranta, silif ɗin JAMB, rasit ɗin kaya, duk can suke sauka.

Na biyu shi ne Storage Sense ɗin kansa, mai aiki ba tare da an kira shi ba. Kunna shi, sannan ka shiga cikinsa, kada ka tsaya a kunnawa. Za ka zaɓi yaushe zai riƙa aiki: kullum, mako-mako, wata-wata, ko sai wuri ya yi ƙaranci, wanda shi ne saitin da yake zuwa da shi. Ga mai 128GB mun fi son wata-wata, domin jiran sai ta cika na nufin za a yi sharar ne lokacin da matsala ta riga ta fara. Sai kwandon shara: kwana 1, 14, 30, 60 ko kada a taɓa, kuma a kan 30 yake zuwa. Wannan ya yi daidai. Sai Downloads, mai irin waɗannan kwanakin, wanda ke zuwa a kan Never. Bar shi a nan. Wurin da kawai muke ganin ya dace a canza shi ne kwamfutar kafe, inda kowa ke sauke takardarsa ya buga ya tafi. A can kwana 14 ma alheri ne, domin bai kamata takardun mutane masu ɗauke da lambar NIN da hoton fasfo su yi ta zama a kwamfutar da kowa ke hawa ba.

Saitin OneDrive shi ne wanda ya fi dacewa a yi tunani a kansa a ƙasar nan. In kana amfani da OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, Storage Sense na iya cire kwafin fayil ɗin da ka daɗe ba ka buɗe ba daga kwamfutar, ya bar sunansa da ɗan hoton gajimare. Fayil ɗin bai ɓata ba, yana intanet. Amma ranar da kake gaban kwastoma a Mile 12, sabis ya yi ƙasa ko data ta ƙare, ba zai buɗu ba. Ko dai ka mayar da saitin Never, ko ka danna foldar da ba ka iya rabuwa da ita da ɓangaren dama ka zaɓi Always keep on this device, wadda Storage Sense ba ya taɓawa.

Iyakar Storage Sense ita ce a kan C kaɗai yake aikinsa na kai-tsaye, ba ya taɓa wuraren komawa na System Restore, kuma babu shi sam a Windows 7. Masu tsofaffin kwamfutocin tebur da ke kan 7, Disk Cleanup ne nasu, kuma ko shi ba zai nuna Windows Update Cleanup ba sai an sa sabuntawa mai lamba KB2852386 ta 2013. Windows 11 ta ƙara wani shafi, Cleanup recommendations, mai nuna manyan fayiloli da manhajojin da aka daɗe ba a buɗe ba. Shawara yake bayarwa, kai ke yanke hukunci, kuma ya cancanci a leƙa.

Sharar hannu

Wadda kowa ya sani ita ce Windows da R, a rubuta %temp%, a zaɓi duka a goge. Ba laifi, ta kan kwashe abin da Disk Cleanup ya bari. Rufe manhajoji tukuna, kuma duk fayil ɗin da ya ce ana amfani da shi, danna Skip. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar haɗawa da Prefetch. Wannan foldar ƙarama ce, kuma ita ke taimaka wa manhajoji saurin buɗewa, goge ta jinkiri take ƙarawa na 'yan kwanaki. Foldar Installer da ke cikin Windows da kuma WinSxS kuwa, kada hannu ya kai gare su ko da ka ga sun yi ƙiba. In ka goge ta farko, Office da makamantansa za su ƙi sabuntuwa su kuma ƙi cirewa. In ka taɓa ta biyu, Windows ɗin ce gaba ɗaya za ta lalace.

In Disk Cleanup ya ƙi ƙarasa sharar sabuntawa, ana yin aikin da umarni a Command Prompt mai izini:

Dism /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore

Wannan dubawa kawai yake, ya gaya maka ko akwai buƙatar shara. In ya ce akwai, sai ka canza kalmar ƙarshe zuwa /StartComponentCleanup. Wasu na ƙara /ResetBase don samun ƙarin wuri, amma bayansa ba za ka iya cire ko ɗaya daga sabuntawar da ke kan kwamfutar ba.

Akwai kuma wani ɓoyayyen fayil, hiberfil.sys, da babu mai share shi cikin kayan da muka ambata. Girmansa wajen kashi 40 cikin 100 na RAM ne, wato sama da 3GB a mai 8GB, sama da 6GB a mai 16GB. Umarnin powercfg /h off na cire shi nan take. A kwamfutar tebur riba ce. A laftof kuwa mu ba ma kashe shi, domin shi ne ke adana aikin da kake yi lokacin da aka ɗauke wuta batir ya kai gargara. Ɗan'uwansa pagefile.sys a ƙyale shi kwata-kwata, musamman a mai RAM 4GB.

Manhajar waje: abin da take ƙarawa da abin da take jawowa

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce CCleaner da BleachBit na kai hannu inda kayan Windows ba sa kaiwa: tarkacen Chrome, Firefox da sauran manhajoji, duk a danna ɗaya. Temporary Internet Files da ke cikin Disk Cleanup bai shafi Chrome ba. Sai dai wannan aikin burauzar na yin sa da kanta. A cikin Chrome ko Edge danna Ctrl da Shift da Delete, ka zaɓi Cached images and files kaɗai. Kuma a tuna, duk abin da aka share a nan, da datarka za a sake sauke shi in ka koma shafin, don haka mai share shi kullum kuɗinsa yake ƙonawa.

Matsalar manhajojin nan tana cikin abin da suke zuwa da alamarsa a kunne. In suka kwashe kukis, ƙananan fayilolin da shafuka ke tuna shigarka da su, za ka tarar an fitar da kai daga imel da shafukan da kake aiki da su, kuma wanda wani ne ya buɗe masa asusun, ko layin da ake turo masa lambar shiga ya ɓata, ya shiga uku. Sai ɓangaren sharar rajistar Windows, kundin saitunanta, wanda ba ya ƙara wuri ko sauri da za a iya gani, kuma Microsoft ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan amfani da irinsa. A 2017 ma an kutsa cikin CCleaner kansa, aka cusa mugun abu a fitowa mai lamba 5.33, mutum fiye da miliyan 2 suka sauke daga hanyar kamfanin ta gaskiya. An gyara wannan tuni, amma ya nuna cewa duk manhajar da ka ba izinin shiga ko'ina a kwamfutarka, ƙofa ce ka ƙara. Wadda aka fasa aka raba a filasha kuwa ta fi kowacce haɗari, ba wanda ya san abin da aka haɗa mata.

Saƙon da ke faɗowa a gefen allo yana cewa an gano dubban matsaloli a danna nan a gyara, ba daga Windows yake ba. Yawanci wani shafi ne aka taɓa ba izinin turo sanarwa. Shiga saitin Chrome, Privacy and security, Site settings, Notifications, ka cire shi.

Wanda muke ganin manhajar waje ta dace da shi shi ne mai gyara da ya san abin da kowace alama ke gogewa, yana amfani da ita sau ɗaya ya cire. Irin da muke ba kowa shawara daban ne, wato masu nuna maka inda wurin ya tafi ba tare da sun goge komai da kansu ba, kamar WizTree ko WinDirStat.

In an share kuma C na nan ja

To ba tarkace ba ne, kayanka ne, kuma wannan shi ne halin da aka fi samu. Buɗe C a File Explorer, a akwatin bincike ka rubuta size:>1GB, ka jira. Abin da ke fitowa sananne ne: bidiyon biki, karatun tafsiri na azumi da aka kwafo daga waya, fayil ɗin sa Windows da mai gyara ya manta a Desktop, kwafin waya guda da aka juye sau uku a folda daban-daban. Mai iPhone ya duba MobileSync, inda ajiyar wayar ke zama, takan kai girman abin da ke cikin wayar. Masu aikin zane da ke kai bugu Shomolu su duba kwafin da CorelDRAW ke ajiyewa mai farawa da Backup_of kusa da kowane aiki. Waɗannan sai dai a kwashe su zuwa D ko faifan waje, kuma abin da ba ka da kwafinsa a wani wuri, kada ka goge sai ka buɗe wanda ka kwafa ka tabbatar yana aiki.

Kada kuma a sa ran shara za ta mayar da kwamfuta sabuwa. Tana ƙara sauri ne kawai in cikar ce ta shaƙe ta. Mai 60GB a sarari da ke jan ƙafa, ciwonta wani ne: RAM 4GB, ko faifai mai juyawa, ko tarin manhajojin da ke tashi tare da ita. Danna Ctrl da Shift da Esc, duba Performance da Startup, amsar na nan.

Saboda haka ɗalibi ko ɗan kasuwa mai laftof ɗaya ya kunna Storage Sense a kan wata-wata, kwando kwana 30, Downloads a kan Never, sannan ya buɗe Disk Cleanup da maɓallinsa na biyu bayan kowace babbar sabuntawa, in kwamfutar ta yi mako tana lafiya. Mai kafe ya ƙara da sageset, ya bar Delivery Optimization. Ma'aunin da za a riƙe shi ne na Microsoft kanta: sabuntawar wata na son 2GB zuwa 3GB a sarari, babbar kuma 6GB zuwa 11GB ko fiye. Mu mukan ce a bar 15GB zuwa 20GB a kan mai 128GB, domin SSD ma ya fi sakewa in bai cika ba.

Wanda duk wata sai ya yi wannan kokawar, SSD ɗin ne ya yi masa kaɗan. Kafin ka tafi Ikeja, a duba ko naka mai inci 2.5 ne ko siririn M.2, in M.2 ne kuma ko SATA ne ko NVMe, domin ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Ƙananan laftof masu 32GB ko 64GB na eMMC su ne ba su da wannan mafitar a mafi yawan lokuta, ma'ajiyar a like take da babban allon cikin kwamfutar. Su sai dai a sa katin memori ya zauna a ciki dindindin, a shiga Storage a canza inda sababbin takardu da hotuna ke sauka zuwa katin, in kuma babbar sabuntawa ta ce wuri bai isa ba, a jona filasha mai aƙalla 10GB a sarari, Windows za ta ari wurin ta ƙarasa, kuma kada a zare ta sai an ga Desktop ya dawo.